Manhajar rubuta bashi: ta iya lissafi, amma ta haɗa ni da Kawu

Wata huɗu ke nan ina amfani da wata manhajar rubuta ciniki da bashi a shagona da ke Jega, inda nake sayar da takin zamani da maganin feshi da iri. Ba zan kama sunanta ba, irinta sun cika Play Store, kuma yadda suke tarbar sabon shiga kusan ɗaya ne.

Wanda ya san sana'armu ya san rabin cinikinmu bashi ne. Manomi ya ɗauki yuriya ko NPK lokacin da za a shiga fadama, sai an yanke shinkafa ya biya. Da can littafi nake rubutawa, har ranar da rufin shago ya yi yoyo tawada ta narke a shafi uku, na koma ina bin mutane ina tambayar su nawa ne ma nake bin su. Ta wannan fuska manhajar ta share min hawaye. Tana aiki ko babu sabis, idan ya dawo ta adana komai. Ba ta cin data sosai. Da dannawa ɗaya zan ga jimillar kuɗina da ke hannun jama'a, abin da a da sai na kwana da kalkuleta. Yaron shagona ma kwana biyu ya yi ya ƙware.

Inda muka saɓa da ita shi ne mintuna ukun farko.

Da ka buɗe ta, wani ɗan jagora ne zai kama hannunka: kibiya tana ƙyaftawa, ga inda za ka sa sunan shago, danna koren maɓalli; ga inda za ka rubuta kaya, danna koren maɓalli. Duka da Turanci ne. A tsakiyar wannan koyarwa ne ake cusa neman izini, a bar ta ta ga lambobin da ke wayarka, ta san inda kake, ta yi amfani da kyamara. Shafin koyarwa da shafin neman izini launinsu ɗaya, maɓallinsu ɗaya, a wuri ɗaya. Kafin ka kai shafi na huɗu ɗan yatsanka ya riga ya saba da kore, yana dannawa kafin ido ya karanta. Wurin ƙin amincewa yana nan, ban ce babu ba, amma ɗan siririn rubutu ne toka-toka a can ƙasa, sai ka ƙura ido. Ni kuwa ranar Juma'a na sauke ta, mutane tsaye a bakin kanta kowa yana sauri, na bi kore har ƙarshe.

Ashe a ɗaya daga cikin shafukan akwai wani ɗan akwati da aka riga aka yi wa alama tun kafin in taɓa shi, wai na yarda manhajar ta riƙa aika saƙon tuni ga duk wanda nake bi bashi.

Bayan mako uku, da hantsi, sai ga Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya jingine mashin a ƙofar shago. Na taso na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a gajarce, ya miƙo min ƙaramar wayarsa.

"Ɗana, wanga saƙo daga gare ka ya hito?"

Na karɓa na duba. Sunan shagona ne, ga sunansa, ga kuɗin buhu huɗu na taki, ga umarnin ya hanzarta biya. Kawu ba ya karatun boko. Da saƙon ya shigo, wurin mai cajin waya na garinsu ya kai, yaron kuma ya fassara masa da ƙarfi, mutane zaune a kan benci suna ji.

"Wallahi Kawu ba ni na aiko ba, waya ce ta yi da kanta."

"Waya ta san ina da bashi in ba kai ka gaya mata ba?"

Na rasa ta cewa, domin gaskiyarsa ce. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba a buɗe shi a kasuwa. Mutumin da ya biya min kuɗin makaranta a ce yau an karanta bashinsa a rumfar caji. Da na bincika, mutum 17 aka aika wa irin saƙon a ranar.

Abin da ya fi tsaya min a rai bai wuce lambobin wayar ba. Lokacin da na ba manhajar damar ganin su, ba abina kaɗai na bayar ba. Akwai lambar matata a ciki, da ta limaminmu, da ta dillalan albasa na Aliero da ba su taɓa sayen ko cokalin taki a wurina ba. Babu wanda aka tambaya a cikinsu. Ni aka tambaya, ni ma cikin gaggawa.

Ɗan yayana da ke karatun kwamfuta a jami'ar Aliero ne ya zauna ya karanta min dogon shafin sharuɗɗan. Ya nuna min inda suka ce suna raba bayanai da kamfanonin da ke yi musu hidima, ba tare da lissafa su ba. Ya ce shi kansa ɗan jagoran mai kibiya, sau da yawa ba masu manhajar ne ke ƙera shi ba, haya suke ɗaukowa daga wani kamfani, kuma aikinsa ya haɗa da ƙirga inda ka danna, inda ka daɗe, da inda ka gaji ka fita. Wannan bai dame ni sosai ba, mai shago ma yana lura da kayan da ido ke tsayawa a kai. Sai dai ni ba na ɓoye cewa ina kallo.

Kuma ƙasar nan ba ta rasa doka a kan haka ba. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC. Dokar ta ce shirun mutum ko rashin motsinsa ba amincewa ba ne, kuma janye amincewa dole ya zo da sauƙi kamar bayar da ita. To akwatin da aka yi min alama a ciki, ni na yi magana ko shiru na yi? Janyewar kuwa sai da muka ratsa shafi huɗu kafin mu gano inda ake kashe saƙon tunin. Mun ga yadda manhajojin bayar da rance suka riƙa aika wa dangin mutane saƙon cin mutunci, har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, wato FCCPC, ta fito musu da ƙa'idoji a 2022, Google kuma ta hana irinsu shiga lambobin waya da hotunan mutane daga ƙarshen Mayun 2023. Tawa ba ta rance ba ce, don haka ba ta cikin wancan hanin, amma ƙofar da ta bi ta shiga ɗaya ce.

Ban goge ta ba. Na shiga saitin wayata na Android, wurin izinin manhajoji, na ƙwace damar lambobi da ta sanin wuri, na bar kyamara sai in ta tambaya. Ba abin da ya lalace, sai dai yanzu da hannu nake rubuta lambar mai saye, kuma sai na tambaye shi ko yana son a riƙa tuna masa ta waya. Matasa yawanci sukan ce eh. Dattawa kuwa kallona kawai suke yi, in gane.

Tauraro uku na ba ta cikin biyar, na rubuta musu su raba koyarwa da neman izini, su bar akwatin nan fanko, su kuma sa Hausa. Sun amsa da godiya irin wadda ake tura wa kowa.

Kawu ya biya bayan girbi, da shinkafa shanshera kamar yadda ya saba. Da zai ɗauki takin rani sai ya tsaya har na jawo tsohon littafin nan mai tabon ruwa daga ƙarƙashin kanta, ya ga na rubuta sunansa da biro, sannan ya ce wa yaro ya ɗora buhunan a mashin.