GARGAƊI GA KAFINTOCI: Mai tallan tsoffin filen na Stanley ɗan damfara ne, ya cinye min N185,000

Assalamu alaikum jama'a, musamman 'yan'uwana kafintoci na Gombe da Bauchi, da duk mai sha'awar tara tsoffin kayan aikin hannu. Akwai wani yaro da yake saka hotunan tsoffin filen na gyaran fuskar katako, ƙirar kamfanin Stanley, a zaurukan saye da sayarwa na Facebook. Yana cewa gadon kakansa ne, kuma wai yana zaune a Bauchi wajen Wunti. Ɓarawo ne, macuci ne. Ya karɓi naira dubu ɗari da tamanin da biyar a hannuna, N185,000, ya aiko min da tarkace a kwali, ya toshe lambata. Raina a ɓace yake ƙwarai, don haka ku yi haƙuri in maganar ta zo a hargitse.

Tun kafin wani ya shigo ƙasan wannan rubutu ya ce ai ni ne da garaje, bari ku ji wane ne ke magana. A kasuwar katako ta Gombe na tashi. Maigidana da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, yana da filen shuɗi na kamfanin Record lamba 5, ƙirar Sheffield ta Ingila, kuma sai yaro ya daɗe yana share ƙurar shago kafin a bar shi ya taɓa shi. Daga nan na kamu da son abin. Yau ina da nawa da na tattara, wasu daga hannun 'yan gwangwan na ceto su, wasu daga magadan tsoffin kafintoci. Ina iya ɗaukar filen in juya shi in gaya maka zamanin da aka ƙera shi, kuma abokan sana'a har shagona suke kawo nasu in duba musu. Mutumin da aka yi wa wannan aika-aika ke nan. Dubu ɗari da tamanin da biyar.

Guda uku ya saka a talla: lamba 4, lamba 5 da lamba 7. Lamba 7 ɗin ne ya tafi da hankalina, wancan dogon mai inci 22 da ake miƙar da gefen katako da shi, don na daɗe ina neman tsohonsa ban samu ba. Kuma duk alamun da na gani a hoto na gaske ne. Mariƙin gaba gajere ne, mai kumburi a ƙasa-ƙasa, irin wanda Stanley suka daina yi wajen 1919 suka koma dogo. Ƙarfen da ke danne wuƙa babu sunan kamfani a fuskarsa, kuma ramin da ke jikinsa irin na makulli ne, ai mai siffar ƙoda sai daga 1933 ya fito. Katakon mariƙin ja ne mai duhu, mai kama da madobiya. Wanda ya san harkar ya san abin da wannan ke nufi: ƙirar Amurka ce ta garin New Britain a jihar Konetikat, ta kafin 1919. Ku gaya min, wane mai tara kaya ne zai ga wannan ya wuce?

Ban tura kuɗi don hoto kawai ba, wallahi ban tura ba. Na kira shi. Ya ɗauka da sallama, murya a sanyaye, ya gaishe ni ya tambayi iyali da aiki. Tun daga lokacin bai taɓa kirana da komai ba sai Bappa. Na ce masa ya cire wuƙar ya nuna min bayan mazauninta, inda ake zuba rubutu a jikin ƙarfe. Sai ya ce, "Bappa, ni fa ban san kan waɗannan abubuwa ba, ku ne manya kuka sani. Ga wani rubutu nan a bayan, an sa MAR-25-02, ƙarƙashinsa AUG-19-02, sai kuma APR-19-10. Ko lambar waya ce ta Turawa?"

Nan ne. Nan ne ya gama da ni. Waɗannan ukun ranakun rajistar ƙira ne, 25 ga Maris 1902, 19 ga Agusta 1902 da 19 ga Afrilu 1910, kuma su ne babbar shaidar da ake nema a filen mai gajeren mariƙi na tsakanin 1910 da 1918. Yaron da ya karanto min su yana tambaya ko lambar waya ce, ta ina zan zarge shi? Na ce a raina wannan bai ma san abin da ke hannunsa ba, har tausayinsa na ji. Har yanzu in na kwanta muryar nan nake ji, "ku ne manya kuka sani." Ashe haddace su ya yi. Ashe ya fi ni sanin abin da nake son ji.

Af, kafin wannan ma akwai labarin kakan, shi ya fara ba ni tun a rubuce. Wai kakansa kafinta ne a wajen Turawan haƙar kuza a Jos, da Baturen zai koma gida ya bar masa akwatin kayan aikinsa. Na auna maganar na ga ta hau. An yi haƙar kuza a Jos tun farkon zuwan Turawa, har ƙaramin layin dogo aka ja daga Zariya zuwa can, ya isa a 1914, aka rufe shi a 1957. Kayan aiki irin waɗannan sun shigo ta wannan hanya, ba shakka. Da cewa ya yi Baturen jirgin ƙasa ne ya kawo su Gombe a 1912, da a take na kama shi, don jirgi bai iso Bauchi ba sai 1961, Gombe kuwa 1963. Bai yi wannan kuskuren ba. Ya tsara ƙaryarsa tsaf, ya ɗora ta a kan tarihi na gaskiya. Ya ƙara da cewa kakan ya bar wasiyya kada a sayar wa 'yan gwangwan su kai a narka, a nemi wanda ya san darajarsu. Ni kuwa abin da ya fi ƙona min rai a duniya shi ne in ga tsohon kayan aiki a kan sikelin 'yan gwangwan ana auna shi da kilo.

Bidiyo ma ya turo. Hannu sanye da safa yana juya lamba 7 ɗin, ya cire wuƙa, ya nuna tambarin Stanley mai siffar V a samanta, wanda shi ma na wannan zamanin ne, ya nuna ranakun nan uku ƙarara. Na tambaye shi safar fa, ya ce saboda tsatsa, yana tsoron ta yanke shi. Wa bai taɓa sa safa don tsatsa ba? Ni ma ina sawa in ina wanke tsohon ƙarfe. Sai daga baya ɗana ya bincika a intanet ya gano bidiyon na wani mutum ne a ƙasar waje mai gyaran tsoffin kaya. Yaron nan ya yanko shi ne, ya cire sautin asali ya ɗora muryarsa a kai. Safar fatar Bature take ɓoyewa. Ina da bidiyon biyu, nasa da na asali, zan saka su jere ku gani da idonku.

Dubu ɗari biyu da ashirin ya fara yanka. Muka yi ciniki muka tsaya a dubu ɗari da tamanin da biyar har da kuɗin mota. Na ce zan zo Bauchi da kaina, ai ba nisa, ta Alkaleri ne kawai. Ya ce mahaifiyarsa na kwance a asibiti, yana can wajenta dare da rana, kuɗin ma na magani ne, amma ƙaninsa zai kai kayan tasha. Na tura N120,000 da farko. Sunan da ya fito a asusun ba shi ne sunan da ya gaya min ba, na kuwa tambaya, ban yi shiru ba. Ya ce na mai POS ne a bakin asibiti, don a cire a biya magani nan take. Mutum nawa a cikinku ke karɓar kuɗi ta hannun mai POS? Kullum ana yi. Washegari da safe ya turo hoton kwali an ɗaure da igiya, an rubuta sunana da lambata da "Gombe" a jiki, yana ajiye a tasha. Ya ce wani Alhaji daga Kano ya kira ya ba da fiye da nawa, amma ya ce masa ya riga ya yi alƙawari da Bappansa. Sai na cika N65,000. Dubu ɗari da ashirin, da dubu sittin da biyar. Kuɗin da na tara na wani aikin ƙofofi da na yi, ban ko taɓa shi ba.

A'a, na manta, tsakanin turawa ta farko da ta biyu har ya katse waya ya ce, "Bappa bari in yi la'asar in kira ka." Kuma ya kira. Wannan ma na riƙe shi a matsayin alamar mutumin kirki. Mutum ya sa salla a cikin damfara, ya sa uwarsa a gadon asibiti. Allah ya isa tsakanina da shi.

Direban ba shi da laifi, kwali aka ba shi ya kawo, kuma da nauyinsa. A shago na buɗe, gaban yarana, don tun safe nake gaya musu yau za su ga abin tarihi. Lamba 4 ɗin sabon filen ne na banza irin na kasuwa, mariƙinsa roba ce aka shafa wa jan fenti, ƙarfen an jiƙa shi da wani abu don ya yi tsatsa, kana gogawa da yatsa tana fita. Lamba 5 ɗin Stanley ne na gaske, amma an rubuta Made in England a jikinsa, alhali Stanley bai shiga Ingila ba sai 1937 da ya sayi kamfanin J.A. Chapman a Sheffield. To ina 1910 a nan? Ramin ƙarfen dannewar mai siffar ƙoda ne. Kuma ko wannan da lafiyarsa ƙalau da na rage asara, don ƙirar Ingila ma tana aiki sosai, da ita yawancin magabatanmu suka ci abinci. Amma gefensa a tsage yake har bakin wuƙa, an yi masa walda an lulluɓe da baƙin fenti. Ƙarfen zubi in ya tsage a wannan wuri an gama, ƙasansa ba zai ƙara zama daidai ba. Lamba 7 kuwa, wanda saboda shi na yi duk wannan, babu shi. Guntun sifirin ɗin mota ne aka naɗe da takardar buhun siminti don kwalin ya yi nauyi.

Yarana suka yi tsit, babu wanda ya ɗago kai. Wannan shirun ya fi min kuɗin zafi. Na kira lambar, tana shiga ba a ɗauka, zuwa magariba an toshe ni a WhatsApp, shafin Facebook ɗin ma ya ɓace.

Wani abokin sana'a da ya ji labari ya ce min wai kwaɗayi mabuɗin wahala. Wane kwaɗayi? Dubu ɗari da tamanin da biyar araha ce? Na yi niyyar cutar yaron ne? Ni da bakina na gaya masa kayan nan suna da daraja, kada ya yarda wani ya saye su a wulaƙance. Na duba mariƙi, na duba rami, na duba tambari, na nemi ranaku, na nemi bidiyo, na tambayi sunan asusu. Duk abin da mai sani zai bincika na bincika, kuma alamun da na gani babu na ƙarya ko ɗaya, filen ɗin ne kawai ba nasa ba. Wanda bai san komai a kan Stanley ba ma ba zai faɗa wannan ramin ba, don MAR-25-02 ba ta nufin komai a wajensa. Irinmu yake farauta, mu da muka sani, da saninmu yake kama mu.

Na kai ƙara wajen 'yan sanda, na rubuta wa banki da rasit ɗin turawa biyun, ana kan bincike. Na kuma sa an tambaya min a wajen kafintocin Wunti da na kasuwar Muda Lawal, babu wanda ya san shi ko ya taɓa jin labarin wannan kakan nasa. Hotunan hirarmu, saƙonnin muryarsa, rasit ɗin N120,000 da na N65,000, hoton kwalin da abin da ke ciki, duk suna nan a wayata. Zan saka su da zarar an ce min ba zai ɓata bincike ba, shi ya sa ma ban rubuta lambarsa da sunan asusun a nan ba.

Ku kuma, kada ku tura ko sisi sai kayan na hannunku ko na wanda kuka yarda da shi. Hoto da bidiyo ba shaida ba ne. A kira ku ta bidiyo kai tsaye, ku ga fuska, ya rubuta sunanku a takarda ya ɗora a kan filen ɗin. In ya ƙi, ku rabu da shi.

Jiya da daddare wani kafinta daga Kumo ya turo min hoton wani sabon talla. Suna daban, wai yanzu a Azare yake, kakan kuma ya koma ma'aikacin jirgin ƙasa. Amma hotunan nan ne dai, lamba 7 ɗin nan ne, safar nan ce, an ƙara da zarto biyu, kuɗin ya kai N240,000. Duk wanda ya riga ya yi magana da shi ko ya tura masa wani abu, ya same ni ta akwatin saƙo yau ɗin nan, mu haɗa shaidunmu wuri ɗaya mu kai tare.