Faifan Abbey Lincoln: wanne ya kamata ka fara saye?

Duk wanda ya shiga neman waƙoƙin Abbey Lincoln, mawaƙiyar jaz kuma 'yar fim ta Amurka, yawanci faifai ɗaya ake fara nuna masa, wato We Insist! na 1960. Ni kuwa shawarata kada ka fara da shi. Zan faɗi dalili, amma sai mun san matar tukuna, domin kuɗinka zai bi zamanin rayuwarta da ka zaɓa ne.

Sunanta na yanka Anna Marie Wooldridge. An haife ta a Shikago ranar 6 ga Agusta 1930, ta tashi a ƙauyen jihar Michigan, ta rasu a New York ranar 14 ga Agusta 2010 tana da shekara 80. Da farko kyan fuska aka sayar da ita da shi. A fim ɗin The Girl Can't Help It na 1956 an sa mata rigar da Marilyn Monroe ta taɓa sawa, kuma faifanta na farko, Affair, daga wannan zamanin yake. Wannan faifan na masu tara kaya ne. Muryar tana da daɗi, sai dai ba Abbey ɗin da duniya ta sani ba ce, an yi mata ado ne irin na amaryar da ba a tambayi ra'ayinta ba. Ka bar shi sai ƙarshe.

Kamfanin Riverside ne ya fara fito da ita a matsayin mawaƙiyar jaz ta gaske. A That's Him! na 1957 tana tare da Sonny Rollins a saksofon, Wynton Kelly a fiyano, da Max Roach a ganguna, wanda daga baya ya aure ta daga 1962 zuwa 1970. Amma idan ɗaya za ka ɗauka daga wannan zamani, ɗauki Abbey Is Blue na 1959. Da waƙar "Afro Blue" ya buɗe, kuma a nan ne za ka fara jin abin da ya bambanta ta da sauran: tana jan kalma a hankali, tana ɗan makara a bayan kiɗa da gangan, kamar mai ba da labari wadda ba ta gaggawa. Wannan salon daga mawaƙiya Billie Holiday ta ɗebo shi, ita ma ba ta taɓa ɓoyewa ba.

Yanzu ga We Insist! ɗin. A gaskiya faifan Max Roach ne, da sunansa za ka neme shi, kamfanin Candid ya fitar. An yi shi a lokacin da baƙaƙen fatar Amurka ke zaman dirshan a gidajen abincin da aka hana su shiga, hoton bangon faifan ma abin da yake nunawa ke nan. Akwai Coleman Hawkins a ciki, akwai makaɗin nan ɗan Najeriya Babatunde Olatunji, akwai kuma kiɗan "Tears for Johannesburg" da aka yi bayan kisan masu zanga-zanga a Sharpeville ta Afirka ta Kudu a watan Maris 1960. A tsakiyar faifan akwai wani wuri da babu kalma ko ɗaya, ganga ce kawai da muryar Abbey, tana ihu da kururuwa har sai tsigar jikinka ta tashi. Aiki ne babba, babu musu. Amma ba faifan da za ka kunna a mota ko da baƙi a falo ba ne, kuma wanda ya fara da shi zai iya ɗauka cewa ihu ne sana'arta. Ka saye shi na biyu ko na uku. Idan zafin nan ya yi maka, Straight Ahead na 1961 ɗan'uwansa ne, da sunanta ya fito, Eric Dolphy da Mal Waldron na ciki.

Bayan waɗannan biyun kamfanonin Amurka suka ja baya da ita, ta daɗe ba ta fitar da faifai da sunanta ba. A wannan tsakanin ne fim ya ɗauke ta. Idan za ka sayi fim ɗaya, Nothing But a Man na 1964 ne, inda ta fito a matsayin malamar makaranta, 'yar limamin coci, da ta auri ma'aikacin layin dogo a kudancin Amurka. Ivan Dixon ne mijin. For Love of Ivy na 1968, da Sidney Poitier, ya fi sauƙin kallo kuma shi ya sa aka saka sunanta cikin 'yan takarar kyautar Golden Globe, amma bai kai na farkon nauyi ba. A Mo' Better Blues na Spike Lee fitowarta gajeriya ce, kada ka saye shi dominta. A shekarun 1970 ne kuma ta ziyarci Afirka ta dawo da sunan Aminata Moseka, Aminata daga Gini, Moseka daga Zayar (Kongo ta Kinshasa a yau). Idan ka ga wannan sunan a jikin faifai, ita ce.

Inda nake so kuɗinka ya fara zuwa shi ne zamanin kamfanin Verve. Tana da kusan shekara 60 reshen kamfanin da ke Faransa ya ɗauke ta, The World Is Falling Down ya fito a 1990, sai You Gotta Pay the Band a 1991. Wannan na biyun shi ne zaɓina. Hank Jones na fiyano, Charlie Haden na ciki, ga Stan Getz yana busa saksofon watanni kaɗan kafin rasuwarsa a watan Yunin shekarar. Muryar ta yi kauri ta ɗan dushe, kuma yawancin waƙoƙin ita ta rubuta abinta, irin su "Bird Alone". Faifai ne da ba ya gundura, ko mutum bai saba da jaz ba zai zauna da shi. Mai bi masa a zaɓina shi ne A Turtle's Dream na 1995, saboda waƙar "Throw It Away" da mawaƙa da yawa suka maimaita bayanta. Wanda ba ya son taron kayan kiɗa ya nemi When There Is Love, ita da fiyanon Hank Jones kaɗai. Na ƙarshenta, Abbey Sings Abbey na 2007, tsoffin waƙoƙinta ne da sabon kiɗa na gita. Sai ka san na asali sannan za ka ji daɗinsa.

Batun siffar da za ka saya kuma, ka fara saurara a Spotify ko YouTube kafin ka cire ko sisi. Na Verve a zamanin CD aka yi su, don haka CD ne gidansu, kuma na hannu ba su da tsada. Na Riverside da Candid ne suka cancanci faifan garmaho, amma bugun asali na 1959 ko 1960 kuɗi ne mai yawa, sabon bugu ya wadatar. Ka tambayi mai sayarwa hoton faifan kansa, ba na kwalinsa kaɗai ba. In kuma ka kawo shi ƙasa mai zafi, ajiye shi a tsaye a inuwa, domin faifan garmaho in ya sha rana lanƙwashewa yake yi, kuma da wuya ya miƙe.