Shafin UEFA a wasannin share fagen Zakarun Turai: gwani a ƙa'ida, rago a kallo

Daga farkon Yuli zuwa ƙarshen Agusta ake buga share fagen gasar Zakarun Turai, zagaye huɗu, kowanne gida da waje. Tun kakar 2024/25 ƙungiyoyi 36 ke shiga gasar, 29 kai tsaye, bakwai kuma sai sun sha gumi: biyar daga rukunin waɗanda suka lashe lig a ƙasashensu, biyu daga rukunin waɗanda suka zo bayan zakara a manyan lig-lig. Mai son bin wannan turnuku zai fara neman shafin UEFA.com na hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai da manhajarsa ta waya, kuma duka kyauta ne.

Inda shafin ya fi kowa shi ne ranar raba jadawali. Ana yin ta a Nyon, ƙasar Switzerland, ana haskawa kai tsaye, kuma kafin a fara ana wallafa jerin ƙungiyoyin da aka fifita bisa makin da suka tara a Turai cikin kaka biyar. A nan mutane ke rikicewa. Ana raba jadawalin zagaye na uku tun ba a kammala na biyu ba, don haka abin da za ka gani shi ne "wanda ya yi nasara tsakanin wane da wane". Makin wadda ta fi girma cikin biyun ake lissafawa, to idan ƙaramar ta yi waje da babbar, sai ta gaji matsayinta. Manhajojin sakamako sukan nuna maka sunaye kawai. Shafin UEFA na bayyana dalilin.

Haka ma batun makomar wanda aka fitar, domin a wannan tsari faɗuwa ba mutuwa ba ce. Wadda ta sha kashi a zagayen farko tana gangarawa share fagen Conference League, gasa ta uku a daraja ta ƙungiyoyin Turai. Zakarar lig da ta faɗi a zagaye na biyu tana komawa zagaye na uku na share fagen Europa League, gasa ta biyu a daraja; wadda kuwa ta faɗi a zagayen ƙarshe ta samu gurbi ke nan a cikin Europa League ɗin kanta. Abin da ya samu Celtic ta Scotland ke nan a 2025, bayan Kairat Almaty ta Kazakhstan ta riƙe ta babu ci a wasa biyu sannan ta doke ta a bugun fenariti. Dokar fifita ƙwallon da aka ci a gidan abokin karawa ta kau tun 2021, amma har yau akwai masu lissafi da ita. Idan jimillar ƙwallaye ta zo daidai, ƙarin minti 30 ne, sai fenariti.

Raunin shafin kuwa a fili yake. Kada ka shiga da sa ran kallon wasa. A zagaye uku na farko ƙungiyar da ke karɓar baƙunci ce ke sayar da haƙƙin nuna wasanta, sai a zagayen ƙarshe UEFA ke karɓar ragamar. Shi ya sa wani wasan sai a tashar ƙasar masu gida ko a shafin kulob ɗin, wani kuma babu inda za ka same shi. Labarai ma sun fi karkata ga manyan ƙungiyoyi, alhali daɗin share fage yana wurin ƙanana, irin Sheriff Tiraspol ta Moldova da ta taso daga zagayen farko a 2021 har ta je gidan Real Madrid ta ci 2-1.

Abu biyu za a kiyaye. Lokutan da ke cikin labaran shafin na agogon tsakiyar Turai ne, wanda ake tura shi gaba da awa ɗaya a bazara, sai ka daidaita da naka. Wasannin Kazakhstan da Azerbaijan kuma da wuri ake take su. Sannan kundin dokokin gasar yana wani sashe daban, da Turancin lauyoyi, babu Hausa. Duk da haka can za ka tabbatar da irin ƙa'idar nan ta cewa katunan gargaɗi na share fage suna gogewa da zarar an kammala zagayen ƙarshe.

Ka riƙe shi don jadawali da hukunci, ka nemi wata kafa don kallo.