Mai lissafin haraji na wajen Ƙofar Ƙaura

Jama'a duk mai shago a Katsina da maganar haraji ke ɗaga masa hankali, akwai wani bawan Allah mai ƙaramin ofis wajen Ƙofar Ƙaura, wallahi ya san aikinsa, ya bi rasit ɗina ɗaya bayan ɗaya har waɗanda manja ya ɓata, cajinsa ba tsada sai dai layi, ka sammaka. Shi ya fahimtar da ni sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a 2026 ta yafe wa mai samun naira 800,000 ko ƙasa a shekara. Abin da ke ci min rai, mu ana bin mu har kwabo, tsofaffin gwamnoni masu gidaje a Abuja kuwa 'yan sanda ke gadinsu da kuɗinmu, su wa ke duba nasu rasit ɗin?