Ajin mandiƙi na yamma: malamin ya iya, takardun sun ɓata aikin

Na shiga ajin ƙarin karatu na yamma da ake yi wa ɗaliban lissafi da na kwamfuta a nan Maradi ne domin in rarrabe mandiƙin daidaito (mandiƙi shi ne ilimin ƙa'idojin kafa hujja) da sauran hanyoyin da ke kama da shi wajen tabbatar da zantuka, kuma ta wannan fanni malamin ya ci kuɗinsa da halak. Ya nuna mana cewa a tsarin da Garrett Birkhoff ya tabbatar da cikarsa a 1935 (wato ƙa'idojinsa sun isa a tabbatar da duk daidaiton da ke biyo bayan abin da aka fara da shi), wanda ya shafi kowane irin aljabara, ba a faɗin komai sai cewa wannan daidai yake da wancan, kuma alamar daidaito tana tsayawa ne tsakanin ɓangarori biyu, ba ta shiga cikin ɗayansu. Shi kuwa tsarin da David Gries da Fred Schneider suka shimfiɗa a 1993, bisa salon Dijkstra da Scholten, mandiƙin zantuka ne, wanda bai ɗauki modus ponens (ƙa'idar da ke cewa idan zance na farko yana haifar da na biyu, kuma na farkon gaskiya ne, to na biyun ma gaskiya ne) a matsayin tushe ba, ya dogara ga ƙa'idar Leibniz ta sa abu a gurbin daidansa, sannan alamar ≡ a cikinsa mahaɗi ce kamar "da" ko "ko", tana iya shiga cikin zance sau da yawa. Ban taɓa jin wanda ya warware wannan batu a fili haka ba.

Amma takardun da aka sayar mana a ƙofar aji sun ƙona mini rai ƙwarai. An yi musu hotokwafi da injin da tawadarsa ta kusa ƙarewa, har layi na uku na alamar ≡ ya ɓace a yawancin shafuka, ta koma = zalla, alhali duk darasin a kan wannan layi guda ya rataya. A tsarin Gries da Schneider, idan p da q da r zantuka ne, p = q = r yana nufin p daidai yake da q, q kuma daidai yake da r, amma p ≡ q ≡ r yana nufin a fara auna p da q, sannan a auna sakamakon da r. Idan p ƙarya ce, q ƙarya ce, r kuma gaskiya, na farko ya faɗi, na biyu ya tabbata. Wasu ƴan ajinmu sun kwana suna neman kuskure a lissafinsu, alhali lissafin lafiya lau yake.

Da muka kai kuka wurin mai kula da ajin, sai ya ce mana, "Ku yi haƙuri, ɗalibai, ai alamar duk ɗaya ce," ya kuma nemi mu sake biya in muna son sabon bugu. Wannan amsa ta fi takardun ɓata mini rai, domin ta nuna bai san abin da ake koyarwa a ɗakin da yake karɓar kuɗinsa ba. Malamin da kansa ya zauna da biro yana ƙara layukan a takardar kowa, abin da ya cinye rabin darasi, har ba mu kai ga kwatanta tsarin da aljabarar Boole ba, wato lissafin gaskiya da ƙarya, wadda aka yi mana alkawari tun ranar rajista.

Da farko na yi niyyar tura ƙanena zango mai zuwa, amma yanzu ba zan yi ba sai an canza mai buga takardun, an kuma mayar mana da darasin da muka rasa.