Hidimar baje kolin zane da kuɗin kamfani a Abuja: abin da kuɗin ke saya da inda yake zurarewa

Gidajen baje kolin zane masu zaman kansu a Abuja suna da wata hidima da suke tallata wa kamfanoni. Kamfani ya kawo kuɗi, su kuma su nemo masu zane, su rataya ayyuka, su buga kundi, su shirya daren buɗewa, a kafa tambarin kamfanin a bakin ƙofa. Hidimar ta cancanci a saye ta. Matsalarta ita ce yadda ake rubuta yarjejeniyar, domin sau da yawa kaso mafi tsoka yana tafiya ne a abinci da lemo da hayar kujeru na sa'o'i uku, zanen da aka taru dominsa kuma ya tsira da ragowa.

A Legas abin ya riga ya zauna da gindinsa. Access Bank ya daɗe yana tallafa wa baje kolin zane na ART X Lagos da aka fara a 2016, kamfanin Nigerian Breweries ma ya yi shekaru yana ɗaukar nauyin gasar zane ta ƙasa. Abuja tana da nata alherin: ofisoshin jakadanci da ma'aikatu suna kusa, masu saye da gaske suna halarta, ga masu zanen Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da na Jos, tafiyar rabin yini kawai. Wajen tara manyan baƙi da tsara gayyata, gidajen nan ba su da makusa. Bango fari tas, katin gayyata mai kyau, mai gabatarwa ya san sunan kowa da muƙaminsa.

Lokaci ne farkon abin da ke ɓaci. Kamfanoni da dama suna tsara kasafinsu a watanni ukun ƙarshen shekara, don haka takardar neman tallafi da ta iso a watan Maris takan tarar an riga an raba kuɗin. Idan kuma an amince, sai a ce a buɗe cikin mako shida don ya dace da bikin cikar kamfani shekaru kaza. Zanen fentin mai ba ya jin wannan magana. Samansa na iya bushewa cikin kwanaki, amma cikinsa yakan ɗauki kamar wata shida kafin a shafa masa banish, wato man da ke kare fenti ya sa shi ƙyalli. Aikin da aka naɗe da ɗanye, leda mai ƙurajen iska za ta bar masa tabo zagaye-zagaye a fuska, kuma ba ya fita. Wata huɗu shi ne mafi ƙarancin lokacin shirin baje koli da ya kamata a yarda da shi, shida ya fi. Biyan kuɗi kuma a raba shi biyu, kashi 70 ranar sa hannu, 30 bayan an sauke ayyuka. Mai firam da direban mota ba sa jiran sashen kuɗi na kamfani ya gama zagaya takarda. A kuma tambaya tun farko ko harajin VAT na kashi 7.5 yana cikin farashin da aka faɗa, don rigimar ƙarshe galibi daga nan take tasowa.

Sai jigila, inda aka fi yin sakaci. Bai kamata aikin da ya fito daga Zariya ko Jos ya hau saman motar haya ba. Kowane zane a rufe fuskarsa da takarda mai santsi, sannan ledar iska da ƙurajen suna kallon waje, a sa kwali a kusurwa huɗu, a jera su a tsaye, fuska da fuska, baya da baya. Tukwane da sassaƙa kowanne da akwatinsa. Inshora ta fara daga ranar da aka cire aiki daga ƙusar mai shi har ranar da ya koma. Wasu gidajen inshorarsu ta cikin zaure ce kawai, alhali a hanya ake yin yawancin ɓarnar. Kafin a loda, a ɗauki hoton kowane aiki gaba da baya, ɓangarorin biyu su sa hannu a kan halin da yake ciki.

A cikin zaure, ma'aikatan rataya sun iya aikinsu: tsakiyar zane yana tsayawa kusan santimita 150 daga ƙasa, layi ɗaya ko'ina. Haske ne ke da gyara. Zanen takarda da na fentin ruwa ba sa son ya wuce lux 50 (lux shi ne ma'aunin ƙarfin haske), na mai yana ɗaukar 150 zuwa 200, amma an saba haska duka da ƙarfi ɗaya don hoton waya ya fito. Kwan LED ya fi dacewa, ba ya zafi. Yanayin garin ma yana da nasa hukuncin. A hunturu katakon firam yana tsukewa ya buɗe a kusurwa, da damina kuma fumfuna ke bin bayan ƙyallen zane. Idan ana kashe janareto da na'urar sanyaya ɗaki da zarar baƙi sun watse, ayyuka suna kwana cikin zafi su wayi gari cikin sanyi, wannan hawa da saukar shi ke tsattsaga fenti. Kuɗin dizal na duk kwanakin baje kolin ya fito a layinsa daban cikin kasafi.

Kundi shi ne abin da ke saura bayan an watse, kuma shi ake fara yankewa idan kuɗi ya gaza. Kada a yarda. Shafi 32 ya isa, muddin hotunan masu kaifi ne, an rubuta sunan aiki da girmansa da shekararsa daidai, an kuma karɓo lambar shaidar littafi ta ISBN daga Ɗakin Karatu na Ƙasa. Tambarin kamfani ya zauna a bangon baya da shafin godiya da allon ƙofa. A kan bangon da zane ke rataye ba shi da wuri, kuma kamfani ba shi da ta cewa a kan wane aiki za a nuna.

Haƙƙin mai zane shi ya fi damun mu. Gida yakan ɗauki la'adar kashi 30 zuwa 50 a kan abin da aka sayar, kuma hakan daidai ne idan shi ya biya haya da firam daga aljihunsa. Idan kamfani ya riga ya biya waɗannan, la'adar ta kamata ta sauka, a kuma ba kowane mai zane kuɗin halarta ko da bai sayar da komai ba. Hoton aikinsa da za a sa a kalandar kamfani izini ne daban, da kuɗinsa daban.

Daga kwana na biyu zauren yakan koma shiru, mai gadi kaɗai a ƙofa. Kamfanin da ya rage rabin kuɗin liyafa zai iya hayar bas biyu a mako su kawo ɗalibai daga Kubwa da Nyanya da Gwagwalada, a ajiye mai yi musu bayani, a rubuta takardun jikin bango da Hausa da Turanci. Yaran nan suna riƙe da hoton Ladi Kwali, shahararriyar mai ginin tukwane, a bayan naira 20, yawancinsu kuma ba su taɓa tsayawa gaban tukunyar da aka ɗora a kan dakali don a kalle ta ba. A nemi gidan ya rubuta ranakun ziyarar makarantu cikin yarjejeniya, da rajistar baƙi da za a miƙa wa kamfani kafin a biya kashi 30 na ƙarshe.