Shagon shayin da muke kallon ces a Nima: shayi ya yi, benci kam sai haƙuri

Tunda na ce na daina kallon ces, wato wasan darar nan da Turawa ke kira chess, a waya ni kaɗai mutane ke ta tambayata to ina kake zuwa, to ga shi. Wani mai shayi ne a nan Nima cikin Accra, bayan kasuwa, ba zan kama suna ba don bai ce in yi masa talla ba. Yana da talabijin ɗaya rataye a bango, ranar ƙwallo ƙwallo ake kallo, amma in ana babbar gasar ces ƙaninsa yana haɗa ta da waya ya sa YouTube, mu kusan goma mu taru.

Abin da ya sa nake komawa ba shayin ba ne gaskiya, wani guntun kwalin Milo ne. Kun san wannan sandar da ke gefen allo, mai hawa da sauka tana nuna wa kwamfuta ta ce yana kan gaba, to shi mai shagon ya manna kwali ya rufe ta, ya kuma kashe muryar masu sharhi, wai in kowa na ganin amsa to musun me za a yi. Ranar farko abin ya ba ni haushi wallahi, na saba ido na kan sanda, ta yi sama in ce kai wane ya iya, ta faɗi in ce wane wawa ne, alhali ko dalilin ban sani ba. Da aka rufe sai ga shi dole ka zauna ka lissafa, ka faɗi naka motsin a gaban jama'a, in ka yi shirme yara su yi maka dariya.

A can muka kalli gasar Norwe ta 2025, wadda ake farawa wajen la'asar a lokacinmu, lokacin 'yan wasa kuma ya soma ƙurewa daidai bayan magariba, sai ka ga mutum ya sallame ko addu'a bai gama ba ya ruga. Wasan Gukesh, yaron Indiya mai riƙe da kambun duniya a lokacin, da Carlsen ɗan Norwe, tsohon mai kambun, na zagaye na 6 shi ne wanda har yau ba a gama shari'arsa a shagon ba. Duk mun yarda Carlsen ya riga ya ci, sai lokaci ya matse shi ya kai doki inda bai kamata ba, wasa ya juye, ya naushi tebur. Wani Alhaji tela da ke zama bakin ƙofa shi ma ya daki namu teburin, shayina ya zube a wando.

Shi Alhaji ɗan Carlsen ne na gani-kashe-ni. Kullum maganarsa ɗaya, mutumin da ke lamba ɗaya a duniya tun 2011, wanda retin ɗinsa, wato makin da ake auna ƙarfin ɗan wasa da shi, ya kai 2882 a 2014 kuma ba wanda ya taɓa kaiwa nan, ai kambun ma shi ya ajiye da kansa ba ƙwacewa aka yi ba, sannan ko wannan gasar da ya naushi teburin wa ya ɗauke ta a ƙarshe in ba shi ba? Wani ɗalibi kuma ya ce Baba ka yi haƙuri, yaron nan Gukesh yana shekara 17 ya ci gasar 'yan takara, wadda ke fitar da mai ƙalubalantar zakaran duniya, a Toronto gaban Nakamura da Caruana da Nepo, yana 18 ya doke Ding, zakaran duniya na lokacin, a Singafo 7.5 da 6.5 ya karɓe kambun. Alhaji ya ce ɗana, Ding ne ya ba shi sadaka a wasa na 14. Ɗalibi ya ce wanda ya ƙi yarda da canjaras ya yi ta matsa ai shi ake yi wa kuskure.

Ni dai ra'ayina, retin tarihi yake ba ka ba zafin yau ba. A matakinsu in ka ci tsaranka maki 5 kacal za ka ƙaru, kenan mutum zai iya wata biyu yana wasan banza lambarsa na nan kusan yadda take. Kuma wanda ke can sama ko canjaras ya yi da na ƙasa da shi sai an ɗan rage masa, shi ya sa daɗewar Carlsen a sama ta fi ba ni mamaki a kan 2882 ɗin. Na faɗi haka Alhaji ya biya min shayi.

Abinci kuwa, shayi da kauri, madara ba rowa, burodi da ƙwai lafiya sai dai mai ya ɗan yi yawa. Yana karɓar MoMo, wato biyan kuɗi ta waya. Matsaloli akwai: bencin katako ne ba majingina kuma wasa na iya cin awa huɗu zuwa biyar, bayanka zai gaya maka. Intanet ɗin na tsayawa, wani lokaci muna baya da minti biyu sai wani mara kunya ya leƙa Lichess, shafin ces da ke nuna wasan kai tsaye, a wayarsa ya fara murmushi, shi kenan ya ɓata mana. In aka ɗauke wuta kuma ba janareta, sai mu goma mu duƙa kan waya ɗaya, ita ma mai shagon sai ya sa babban yatsa ya rufe sandar.

Na ba shi huɗu cikin biyar, ɗayan bencin ne ya cinye. In za ka zo ka taho da kujerarka, kuma kar ka zauna kusa da Alhaji in Carlsen na wasa.